Yadda Za a Koyar da Ɗalibai Yadda Cibiyar Tantani Ke Jin Matsi

Malamin da ke koyar da ilimin halittu a Zariya, a Samaru ne ko a Shika, bai kamata ya fara wannan darasi a kan allo ba. Ya sa a ɓare siririyar fatar albasa, a ɗiga mata aidin, kowane ɗalibi ya leƙa madubin ƙara girma har ya ga cibiyar tantani da idonsa. Tantani shi ne ƙaramin ɗakin da aka gina jikin mai rai da shi, cibiyarsa kuma ita ce ma'ajiyar ƙwayoyin gado.

Daga nan sai a kawo kalangu cikin aji. Idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, fatar takan miƙe, sautin ya sauya. Haka jan da aka yi wa tantani daga waje yake bin zaruruwa har ya sauya aikin cibiya. A bi hanyar daki-daki, domin a nan ɗalibai suka fi ruɗewa: furotin intagirin da ke fatar tantanin dabba yana riƙe da zaren aktin da ke cikin tantani, aktin yana riƙe da furotin nesfirin da ke ɓawon cibiya, nesfirin kuma yana haɗe da furotin SUN a tsakanin ɓawo biyu na cibiya, shi kuwa SUN ya kama ragar lamin wadda ƙwayoyin gado ke jingine da ita. A shekarar 1997 ne Donald Ingber da abokan aikinsa a Amurka suka ja intagirin, suka ga cibiya ta sauya siffa nan take.

Sai a shiga batun lafiya. Binciken ɗakin gwajin Dennis Discher na 2013 ya nuna cewa lamin A, ɗaya daga cikin furotin ɗin wannan raga, ya fi yawa a sassa masu tauri irin ƙashi da tsoka, ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwa. A ganina, hujjar da ta fi ratsa ɗalibi ita ce jinin da aka shafa a gilashi aka rina, inda zai ga fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutirofil da cibiyarsu mai rassa, wadda ƙarancin lamin A ya sa ta yi laushin kutsawa ta ƙananan kafofi.

Cuta ta zo a ƙarshe. Tangarɗa a ƙwayar gado ta LMNA, wadda ke samar da lamin A, tana haddasa shanyewar tsoka ta Emery-Dreifuss da ciwon buɗewar zuciya, kuma a 2003 aka gano ita ce tushen furojeriya, cutar da ke tsofar da yaro tun yana ƙarami. A bar ɗalibai su yi muhawara kan dalilin da ya sa tsoka da zuciya, masu motsi dare da rana, suka fi shan wahalar wannan tangarɗa.