Yadda mai koyon ches zai kaifafa idonsa da matsalolin dabara

Matasan unguwannin Nima da Mamobi a birnin Accra da suka taso da wasan dame sukan shigo ches da saurin hannu, amma a ches ba dole ba ne mutum ya ci abin da aka miƙa masa, kuma sau da yawa abin da aka miƙa ɗin tarko ne. Maganin wannan gaggawa shi ne warware matsalolin dabara, wato a jera maka 'ya'yan wasa a wani yanayi, a ce ka nemo motsin da zai ba ka nasara.

Da farko ka riƙe darajar kowane ɗa: soja 1, doki da bishop (mai tafiya a karkace) kowanne 3, ruk (mai siffar hasumiya) 5, sarauniya 9, domin da wannan ake gane musayar da ta yi riba.

Sannan ka koyi siffofin da suke yawan dawowa (kowane gida a kan allo ana kiransa da harafi daga a zuwa h da lamba daga 1 zuwa 8). Idan sarkin abokin karawarka yana e8, ruk ɗinsa kuma yana a8, dokinka da ya sauka a c7 ya kai musu hari a lokaci guda. Muddin ba a iya cin dokin ba, tilas sarki ya matsa, ruk ya zama naka. Haka kuma sarkin da ke g8, wanda sojojinsa uku suka tsare masa gaba a f7 da g7 da h7, ruk ɗaya ya isa ya gama da shi a layin baya idan babu mai tare hanya.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne kada ka taɓa allo sai ka kammala lissafi a zuci. Ka fara duba duk hanyar da za ka kai wa sarki hari, sai abin da za ka iya ci, sai barazanar da za ka iya yi, kuma kowane motsi ka nemo masa amsa mafi tsanani daga ɗaya ɓangaren. Mai cankar amsa a waya har ya dace yana tara maki ne kawai, ba ya koyon komai.

Manhajar Lichess tana ba da irin waɗannan matsaloli kyauta. Minti ashirin kullum, ko bayan sallar asuba ne kafin a fita kasuwa, ya fi awa uku a rana ɗaya. Waɗanda suka gagare ka kuwa, ka rubuta su a littafi, ka sake jera su a kan allo na gaske bayan mako guda.