Darasi na Tara: Ƙunshin Abincin Ko-ta-kwana

Idan ambaliya ta shigo gari cikin dare, ko ƙasa ta girgiza, ko guguwa ta kwashe rufin gidaje, abubuwa uku sukan tsaya kusan lokaci guda: wutar lantarki, ruwan famfo da hanya. In hanya ta yanke, motar kaya ba ta shigowa, kasuwa ba ta ci, masu shago su rufe. Mai kuɗi a aljihu da wanda ba shi da ko sisi sai su zama ɗaya, domin babu abin saye.

Agaji yakan zo, amma ba kasafai yake isowa ranar farko ba. A watan Agustan 2005, guguwar Katrina ta fasa shingayen ruwan birnin New Orleans a Amurka, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Dubban mutane suka fake a babban filin wasa, suka yi kwanaki suna fama da ƙarancin abinci da ruwan sha. Wannan fa a ƙasa mai ɗimbin dukiya da jirage. A Haiti kuma, girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010 ta lalata tashar jiragen ruwa ta Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Kayan agaji suka taru a filin jirgin sama, tituna kuwa cike da ɓaraguzan gine-gine. Abinci yana gari, amma bai kai bakin mai yunwa ba.

Shi ya sa hukumomin agaji suke yawan maganar awa 72, wato kwana uku. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka tana ba da shawarar a tanadi abincin kwana uku idan barin gida ya kama, da na mako biyu idan a gida za a zauna. A watan Maris na 2025, Tarayyar Turai ma ta shawarci mutanenta su ajiye abin da zai riƙe su awa 72. Ƙunshin abincin ko-ta-kwana don waɗannan kwanakin aka yi shi. Abinci ne da aka riga aka sarrafa, aka like a leda mai kauri ko gwangwani, aka haɗa wuri guda a kwali ko jaka, yana jira.

Wata rana ina koyar da wannan darasi, wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Malam, ni fa ɗakin ajiyata cike yake da hatsi. Me zan yi da biskit a leda?"

Na ce, "Baba, a ce ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, makamashi ya jiƙe, rijiya ta gauraye da ƙazanta. Da me za a dafa hatsin?"

Ya yi shiru.

"In kuma aka ce kowa ya fita cikin minti goma, buhu nawa za ku ɗauka, ga jikoki a hannu?"

Ya yi dariya ya ce, "Ci gaba, Malam."

Hatsin Baba dukiya ce, kuma shi zai riƙe gidan bayan ƙura ta lafa. Sai dai ɗanyen hatsi yana buƙatar wuta da ruwa da tukunya da lokaci, kuma su ne bala'i yake fara ƙwacewa. Amfanin ƙunshin shi ne a yage a ci a tsaye, ko a cikin duhu, kuma yaro ɗan shekara goma ya iya ratayawa ya yi tafiya da shi. Akwai wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Mutumin da ke cikin firgici ba ya tunani daidai. Sai ya ɗauki tukunya ya manta da ruwa, ya ɗauki gwangwani ya manta da abin buɗewa. Ƙunshin da aka haɗa cikin natsuwa ya riga ya yi masa tunanin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar abin buɗewa ba wasa ba ce. An fara adana abinci a gwangwani tun wajen 1810, amma sai bayan fiye da shekara 40 aka ƙera mabuɗinsa. Kafin nan da guduma da kurfi ake fasawa. Ku zaɓi gwangwani mai zoben ja a bisa, ko ku ɗaure mabuɗin a jikin jakar.

Yadda ake auna ƙunshi

Kalmar da za mu koya a nan ita ce kalori. Kalori ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki ne, kamar yadda lita take ma'aunin ruwa. Hukumomin agaji na duniya suna lissafin kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana. Ku riƙe wannan lamba da kyau, domin da ita za ku gane ƙunshin kirki da na yaudara.

Biskit mai ƙarfi irin wanda Hukumar Abinci ta Duniya take rabawa a kwanakin farko na bala'i yana da kalori wajen 450 a kowane giram 100. Ke nan babban mutum yana buƙatar kusan rabin kilo a rana in shi kaɗai zai ci. Ƙunshin da sojojin Amurka suke ɗauka na ci ɗaya yana da kalori wajen 1,200, har da wata 'yar leda da ake zuba wa ruwa kaɗan ta ɗumama abincin ba tare da wuta ba. Akwai kuma ƙunshin jinƙai da Amurka ta fara yi a 1993, mai kalori wajen 2,200, abincin mutum ɗaya na yini guda. Ba a sa nama a cikinsa, don mabiyin kowane addini ya ci hankali kwance. Da farko ledarsa ruwan ɗorawa ce. A 2001, da aka riƙa jefa shi daga jirgi a Afganistan, sai aka lura launinsa ɗaya da na wasu ƙananan bama-bamai da ba su fashe ba, waɗanda yara za su iya ɗauka. Dole aka canza launin ledar.

Na kasuwa kuwa sai an buɗe ido. 'Yan kasuwa sun fi son rubuta yawan rabo, wato sau nawa mutum zai ci daga ciki, da manyan haruffa, su ɓoye kalori a ƙasa da ƙanana. A ce kwali ya ce rabo 30 ne a ciki, kowane rabo kalori 200. Ku ninka: 30 sau 200, kalori 6,000 ke nan. Mutum ɗaya ma ba zai cika kwana uku da shi ba. Gidan mutum shida kuwa yana buƙatar kalori 12,600 a rana, don haka wannan kwali ko rabin yini bai kai ba. Hoton da ke jikin kwali ba ya ƙosar da kowa.

Wani tarkon shi ne busasshen abincin da aka zuƙe wa ruwa. Ba shi da nauyi, kuma yakan yi shekaru masu yawa bai lalace ba, amma sai an zuba masa ruwa, galibi tafasasshe. Yana da kyau ga wanda zai zauna a gida da murhu. A ganina bai kamata ya zama shi ne abincin jakar gudu ba. Haka abinci mai yawan gishiri, domin ƙishirwa yake jawowa a lokacin da ruwa ya fi komai tsada.

Ruwan ma ai shi ne gaba. Mutum yakan jure yunwa na makonni, amma rashin ruwa na kwana kaɗan yakan kashe. A tanadi wajen lita 4 ga kowane mutum a rana, don sha da ɗan tsabtace jiki. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi, a bar shi yana zaɓaɓɓaka na minti ɗaya cur, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa bisa ƙa'idar da aka rubuta. A jefa 'yan ledojin gishiri da sukari na maganin gudawa a cikin ƙunshin, saboda bayan ambaliya gudawa takan bi yara.

Karanta kwanan wata

A jikin kowace leda ko gwangwani akwai lambobi. Inda kuka ga haruffan MFG, ranar da aka yi abincin ke nan. Inda kuka ga EXP, ranar ƙarewar wa'adinsa ce. Ku lura, wasu ƙasashe suna fara rubuta rana, Amurka kuwa wata take farawa da shi. Don haka 03/09/2027 yana iya zama 3 ga Satumba, yana iya zama 9 ga Maris. In kun yi shakka, ku ɗauki wanda ya fi kusa.

Zafi yana rage wa'adi. Ƙunshin sojojin nan da muka ambata an yi shi ya kai shekara 3 a zafin digiri 27, amma a digiri 38 wata 6 kawai aka lamunce masa. Kada a ajiye ƙunshi a ƙarƙashin rufin kwano, ko a cikin mota, ko a ƙasa inda ruwa da ɓera za su same shi. A sa shi wuri mai sanyi, a sama, kusa da ƙofar fita, kuma kowa a gidan ya san wurin. Gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya yi tsatsa sosai, a jefar da shi. Ko ɗanɗanawa kada a yi, domin gubar da ke cikinsa takan kashe ba tare da ta canza wari ba.

Mutanen Japan, da girgizar ƙasa ta saba da su, suna da dabara mai sauƙi. Suna sayen abin da suka saba ci mai daɗewa, su riƙa cin tsoho suna mayar da sabo, don kada ajiya ta tsufa. Ranar 1 ga Satumbar kowace shekara ranar shirin bala'i ce a can, don tunawa da girgizar ƙasar 1923, kuma rana ce mai kyau ta duba jaka. Wanda ba shi da halin sayen haɗaɗɗen ƙunshi sai ya bi wannan hanya ya haɗa nasa kaɗan-kaɗan: kifin gwangwani, dafaffen wake na gwangwani, biskit, busassun 'ya'yan itace. Sau da yawa na haɗin gida ya fi dacewa, tunda kamfani bai san akwai tsoho marar haƙori a gidanku ba, ko mai ciwon sukari, ko yaron da wani abinci yake tayar wa ƙaiƙayi. Jariri kuwa nonon uwa ne abincinsa mafi aminci a irin wannan lokaci, don haka a ƙara wa mai shayarwa rabo da ruwa.

Aikin gida

Ku rubuta sunayen mutanen gidanku, ku ƙirga su. Ku ninka yawansu sau 4, sannan sau 3, ku ga lita nawa na ruwa kuke buƙata na kwana uku. Gidan mutum shida zai sami lita 72. Jarka nawa ke nan mai cin lita 20?

Sannan kowa ya nemo gwangwani ko ledar abinci guda ɗaya, ya kwafi kwanan watan da ke jikinta a littafinsa, ya zo da ita aji mako mai zuwa mu karanta tare.