Kurakuran da otal-otal na alfarma ke yi da manyan kwalaben sabulun wanka

Tun a shekarar 2019, lokacin da manyan kamfanonin otal-otal na IHG da Marriott suka sanar da cewa za su daina ajiye ƙananan kwalaben shamfu da sabulun ruwa a ɗakunan baƙi, manyan kwalaben da ake maƙalawa a bangon banɗaki suka fara zama ruwan dare. Marriott ya ce matakin zai hana zubar da ƙananan kwalabe kimanin miliyan 500 a shekara, jihar Kalifoniya ta Amurka kuma ta haramta su daga farkon 2023 a otal-otal masu ɗakuna fiye da 50. Sauyin ya zauna da gindinsa, amma ƙorafin baƙi bai lafa ba, kuma da yawansa laifin yadda ake kula da kwalaben ne.

Kuskuren da ya fi muni shi ne ma'aikacin ɗaki ya buɗe kwalbar da ta yi rabi ya tsiyaya sabon sabulu a kan tsohon. Ragowar da ke ƙasa tana daɗewa, ruwan wanka yana shiga ta bakin famfon, ƙwayoyin cuta kuma suna samun wurin zama, shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta daɗe da gargaɗin asibitoci game da wannan ɗabi'a. Gyaransa shi ne a cire kwalbar gaba ɗaya, a wanke ta, a bar ta ta bushe kafin a sake cikawa, ko kuma a yi amfani da mazubi mai hatimi da ake canzawa ɗungurungum.

Akwai kuma otal ɗin da ke barin murfi ba kulle. Baƙon da ya biya kuɗi mai tsoka yana da haƙƙin ya yi shakkar abin da wanda ya riga shi kwana a ɗakin ya zuba a ciki, kuma maƙali mai ɗan makulli ya isa ya kwantar masa da hankali.

Rubutun jikin kwalba ma abin dubawa ne. Mutum ya cire tabarau, kumfa ta rufe masa ido, ga kwalabe uku masu launi ɗaya da ƙananan haruffa, dole ya shafa man gashi a maimakon sabulu. A bambanta launinsu, a ƙara girman rubutun.

Wasu manajoji suna fakewa da kare muhalli su sauya zuwa sabulu mai araha, baƙi kuwa hancinsu yana gane haka nan take. Kwalbar da ba a ganin cikinta kuma tana buƙatar siririyar taga a gefe, domin mai gyaran ɗaki ya san ta kusa ƙarewa kafin baƙo ya danna famfo ya ji wayam.