Ɗakin haya a Maraɗi: daga ƙasa ake farawa

Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni Maraɗi, kuma ɗakunan haya uku na zauna kafin Allah ya hore mana namu. Shi ya sa idan 'yan uwa suka turo 'ya'yansu karatu Jami'ar Maryam Abacha, wadda aka buɗe a garin nan a 2013, ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko kuwa aka kawo amarya daga Jibiya ko Daura, gidana ake fara sauka. Bayan 'yan makonni nakan je in ga inda suka tare, kuma abu biyu nake yawan tararwa. Wani ya ce ai zaman wucin gadi ne, sai ya jefa katifa a kan siminti, kayansa na cikin jakar bakko har shekara ta zagayo, ɗaki kamar tasha. Wata kuma ta ɗauko fasalin ɗakin gidansu a ka, ta sayi gado babba da kujeru da sif ta cusa a wurin da bai fi taku biyar ba, kuɗi sun ƙare, ko wurin shimfiɗa sallaya babu. Dukansu biyun suna taɓa min zuciya, domin baƙo yana buƙatar wurin da zai shiga ya ji hankalinsa ya kwanta, kuma samun hakan a Maraɗi ba ya cin kuɗi masu yawa.

Abin da nake gaya musu, shi zan gaya muku, ƙannena. Ƙaramin ɗaki a garin nan daga ƙasa ake ƙawata shi, da kayan da za a iya naɗewa, a kakkaɓe, a ɗauka ranar tashi.

Amma kafin ku sa ƙafa kasuwa, ku koyi ƙirga kuɗi. Hausarmu ɗaya ce da mutanen Maraɗi, sai dai lissafi ya bambanta. A nan da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai kaya ya ce muku “ashirin”, sefa 100 yake nufi. “Hamsin” 250 ce, “ɗari” 500, jika guda kuma 1,000. Sau da yawa ba ma a ambatar dalar, lambar kawai za a faɗa. Na ga yarinyar da ta yi ciniki tana murna ta samu araha, da aka zo biya ta ga kuɗin ya ninka abin da ta zata sau biyar, kunya ta hana ta fasawa. Ku riƙa ninkawa biyar a zuci, in kun yi shakka ku ce a nuna muku takardar kuɗin. Ba wanda zai raina ku don kun tambaya. Akwai kuma kalmomin da aka aro daga Faransanci da kunnenku zai saba da su: wutar lantarki kuran ce, labule rido, ɗaki guda da dillali zai nuna muku antire-kushe, ciki da falo kuma shambur-salon. Gidan sauro sange ake ce masa, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu.

Haya a nan galibi wata-wata ake biya, ba shekara-shekara ba kamar yadda muka saba a gida. Wannan sauƙi ne, amma yana nufin tashi ma yana da sauƙi, ko daga wajenku ko daga wajen mai gida, don haka duk abin da kuka kafe a bango ko kuka gina, kun yi wa wani ne. Masu gida da yawa suna karɓar kuɗin ajiya da ake kira kosiyon, wanda ake mayarwa idan an bar ɗaki lafiya. Ranar da aka ba ku makulli, tun ɗakin na fayau, ku ɗauki hoton kowace kusurwa da waya: tsagar bango, fasasshen gilashi, tabon yoyo a silin. Ku tambaya a gaban dillali ko an yarda a buga ƙusa ko a yi fenti, sannan ku ji ko mitar wuta taku ce ku kaɗai ko ta haɗaka ce da maƙwabta. Ku duba gindin bango da bayan ƙofa, in kun ga siririn layin ƙasa yana hawa, gara ce. A ɗakina na biyu na shimfiɗa leda ban duba ba, na ɗora akwatin littattafan maigidana a kai, kafin damina ta fita gara ta cinye gindin akwatin da rabin abin da ke ciki. Har yau ina jin zafin littattafan nan. Ku nemi a toshe ramin a zuba magani tun kafin ku shigo da kaya.

To, ƙasa. Tsohon garin Maraɗi a kwarin gulbi yake, sai ambaliyar 1945 ta sa aka hauro tudu, aka yanka unguwanni da faffaɗan tituna. Mafi yawan layukan cikin unguwa rairayi ne, ko a unguwar Zariya kuke ko Ali Ɗan Sofo ko Sabon Gari, kuma rairayin nan tare da ku yake shiga ɗaki. Ku haɗa shi da ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, za ku gane dalilin da ya sa nake hana mutane sayen kafet mai kauri daga bango zuwa bango. Makon farko yana da kyau. Bayan nan ya zama rumbun ƙura, mai asma ya shiga uku, ga shi ba ya ɗaukuwa balle a kakkaɓe. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ko taka shi mutum ba ya son yi.

Abin da ya dace da garin shi ne leda mai launi ɗaya marar hayaniyar zane, a kanta kuma tabarmar kaba. Kada ku raina tabarma don kun saba ganinta a zaure. Jihar Maraɗi gidan goriba ce, akwai ma kwarin da ake kira Gulbin Kaba ta wajen Mayahi, kuma matan ƙauyukan can sun gaji saƙa kaka da kakanni. Ku je babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a, ranakun da take ci sosai, ku nemi masu tabarmi. Kada ku ɗauki ta farko. Ku sa a warware muku, ku ɗaga ta ku kalli rana ta cikinta: idan haske na ratsowa da yawa, saƙar sakwa-sakwa ce, ba za ta daɗe ba. Ku shafa bakinta ku ji ko an dalle shi da kyau, domin daga baki tabarma ke fara mutuwa. Ku shinshina, sabuwar kaba tana da wani ƙamshi kamar na busasshiyar ciyawa, wadda ta sha ruwa kuwa tana warin ruma. Akwai fara zalla, akwai mai ratsin ja da baƙi ko kore. Ni na fi son fara babba a tsakiya, sai ƙarama mai ratsi a gefen katifa. Tana da sanyi a jiki, da safe a fitar da ita a buga sau biyu ta koma sabuwa, in ta tsufa kuma a sauya ta ba tare da an ji ciwon kuɗi ba. Tabarmar roba tana da wurinta a ƙofar ɗaki inda ake cire takalma, amma a ciki tana ɗaukar zafi.

Idan aka shimfiɗa ƙasa haka, kujera ta zama ba dole ba. Tum-tum biyu na fata da matasan kai uku ko huɗu jingine da bango sun ishi baƙi zama. Kuma fata a nan ba baƙuwa ba ce, jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje saboda laushin fatarta. Ku sayi tum-tum ɗin fanko daga wajen dukawa, ku cusa shi da tsofaffin tufafi ko barguna da ba a amfani da su sai lokacin sanyi. Kun samu wurin zama, kun samu ma'aji. Wani amfanin kuma, idan duk kaya suna ƙasa-ƙasa, ido yana ganin bango da yawa, sai ɗakin ya yi kamar ya fi girmansa.

Bango fari ya fi komai a ƙaramin ɗaki. In mai gida ya yarda, fentin ruwa fari ko ruwan madara ya wadatar, ku roƙi a cire kuɗin daga haya, wasu suna yarda. Sannan ku zaɓi launi ɗaya, ɗaya tak, da zai riƙa maimaituwa. Turmin atamfa yadi shida ne. Tela zai fitar muku da labulen taga da rigunan matasan kai daga ciki, ƙyallen da ya rage a rufe teburi. Ku sa a yi wa labulen shafi da yadi mai kauri, musamman idan tagar na kallon yamma, don ranar la'asar ita ce ke gasa ɗaki kuma tana kashe launin atamfa. Ku kafa sandar labulen can sama kusa da silin, ku bar shi ya sauko har ƙasa, tagar za ta yi kamar ta fi haka tsawo. Ado a bango kuwa, faya-fayi uku masu launi da ƙwarya ɗaya mai zane sun fi takardun furanni na leƙe, waɗanda zafi ke ɓamɓarewa su tafi da fenti, su tafi da kosiyon ɗinku. Madubi dogo guda ɗaya, a jingine shi inda zai kalli taga, yana ninka haske.

Wajen kwanciya, a nan ne kawai nake cewa kada a yi ƙoron kuɗi. Ku sayi katifa mai kyau. Gadon kuwa ku sa kafinta ya yi muku dandamali mara kai, ko mai walda ya haɗa na ƙarfe, mai tsayin da akwati zai shige ƙarƙashi. Na ƙarfen gara ba ta cin sa. Sange dole ne, domin zazzaɓin cizon sauro yana tsananta a Maraɗi daga tsakiyar damina zuwa kaka. Mutane na ƙin sa wai yana ɓata ɗaki, alhali fari mai tsabta da aka tattare da safe aka ɗaure a sama shi kansa ado ne. Maimakon sif, sanda ɗaya ta ƙarfe a lungu da labule a gabanta ta isa rataye kaya, sai kanta mai hawa uku ta littattafai, a ɗan janye ta daga bango.

Sai wuta. Ramin soket na nan galibi irin na Faransa ne, mai huda biyu zagayayyu, kayanmu na Najeriya kuwa masu kai uku ne irin na Ingila. Ku sayi adafta mai kyau ko a sauya muku kan wayar, kada ku riƙa tura tsinke kuna danna filogi da ƙarfi, ta nan gobara ke tashi. Kaso mai yawa na wutar da NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, ke rabawa a yankin nan daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma wanda ya zauna a nan a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ya san darajar fanka mai caji da fitila mai aiki da hasken rana. Ku sa su cikin lissafin farko, kafin talabijin. Ƙwan fitilar da ke tsakiyar silin ku bar shi don shara da karatu, ku ƙara wata 'yar ƙarama mai ruwan ɗorawa a kusurwa, ku ga yadda ɗaki ke sauyawa bayan isha'i.

Randa ƙarama a kan kasko mai jiƙaƙƙen rairayi, da faifai a bakinta da moɗa a kai, tana sanyaya ruwa ba tare da kuran ba, domin laimar da ke tsattsafowa ta jikinta tana bushewa ta tafi da zafin. Ku ajiye ta inda iska ke bi. Girki a yi shi a waje in da hali. Garwashin turaren wuta ko na shayi kuwa, don Allah kada ku rufe ƙofa da taga ku kwanta da shi a lokacin sanyi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Daga gida me za a ɗauko? Zanin gado, atamfa, tukwane biyu, da abin da zai tuna muku da iyaye. Katsina zuwa nan kusan kilomita 90 ne ta Jibiya da Ɗan Isa, amma manyan kaya suna jawo kuɗin mota da tsayawa wajen kwastan, kuma robobi da bokitai na Kano cike suke a kasuwar nan. Ƙarshen shekarar karatu kuma ku sa kunne, ɗaliban da suka gama suna sayar da fanka da katifa da kanta da rahusa don ba za su iya ƙetarawa da su ba.

Wata 'yar yayata ta yi shekara huɗu a antire-kushe a Ali Ɗan Sofo. Farar tabarma, labule shuɗi mai ɗigon fari, matasan kai na atamfa iri ɗaya, faya-fayi uku a saman gado, randa a bayan ƙofa. Ƙawayenta da ke manyan ɗakuna wurinta suke taruwa karatu. Ranar da ta gama na je taya ta haɗa kaya, muka naɗe tabarmi, muka zazzage tum-tum muka ninke, gado da katifa wata sabuwar zuwa ta saye tun jiya. Mai gida ya zo ya zagaya, ta nuna masa hotunan ranar da ta shiga, ya ƙirgo mata kosiyon ɗinta cif. Randar ta bar wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da ita, sauran kayan duka adaidaita sahu ɗaya ya kwashe zuwa tasha.