Kemistiri a shekarar share fage a Rasha: abin da sabon zuwa zai riƙe

Ɗan'uwa, idan likitanci ko haɗa magunguna ya kawo ka Rasha, za ka fara da shekarar share fage, wadda ɗalibai ke kira "fadfak". Bayan 'yan watanni na koyon harshe sai kemistiri ya shigo, kuma a nan na ga yara masu ƙoƙari sun karaya, suna ganin abin da suka koya a sakandare ya tashi a banza. Bai tashi ba. Sunaye ne kawai suka sauya, alamomi da lambobi suna nan yadda ka baro su.

Ranar farko malama za ta rubuta H₂O a allo ta ce "ash-dwa-o". Ruwa ne. Haidirojin a wurinsu "badarod" ne, oksijin "kislarod", ƙarfe "jelezo", amma in ana karanta alamarsa Fe sai a ce "ferrum". Wani wurin ma harshen ya sauƙaƙa maka: Na "natri" ce, K kuwa "kali", ka ga sunayen sun yi daidai da haruffan. 'Yan Nijar da suka yi karatu da Faransanci suna da sa'a biyu. Sun san "azot", wato naitirojin, tun daga gida, sun kuma saba rubuta 35,5 da waƙafi maimakon ɗigo. 'Yan Najeriya ku kula da waƙafin nan, yana cin maki.

Ka sayi ƙaramin littafi, ka ja layi uku: alama, lamba, sunan Rashanci. Sinadarai ashirin na farko sun ishe ka a wata na farko.

Sai ƙwayar zarra, wato atam. Tsakiyarta cibiya ce da suke kira "yadro", cikinta akwai furoton da niyutiron, ilektiron kuma suna kewaye. Yawan furoton shi ne shaidar sinadari. Ɗauki gishirin miya, wanda haɗin Na da Cl ne. Na tana da furoton 11, ilektiron ɗinta a jere 2, 8, 1. Cl tana da 17, a jere 2, 8, 7. Waccan ta ba da ɗayan da ke wajenta, wannan ta karɓa ta cika takwas, sai suka manne. Kada ka haddace wannan, ka zana shi da hannunka har ka iya bayaninsa a tsaye, domin malamai a nan suna yawan kiran ɗalibi gaban allo, wasu jarrabawowin ma da baki ake yi. Shi 35,5 ɗin nauyin Cl ne, saboda a gauraye take: wata mai nauyin 35, wata 37, bambancinsu yawan niyutiron.

Jadawalin sinadarai kuwa, kada ka kira shi da wani suna sai "tabilitsa Mendeleyeba". Mendeleyef, masanin kemistiri ɗan Rasha, ya tsara shi a 1869, ya bar gurabe ga sinadaran da ba a gano ba, a 1875 aka gano galiyom ya cike ɗaya. Suna alfahari da shi, kuma sun cancanta. Wanda ke bangon aji sau da yawa gajere ne mai rukuni takwas, ba mai 18 da ka saba gani ba, don haka ka nemi irinsa ka ajiye.

Darasin daskararre da ruwa da iska, hunturu zai koya maka. Shanya riga a baranda cikin Janairu: za ta sandare kamar katako, amma bayan kwanaki ka tarar ta bushe, domin ƙanƙarar ta zama tururi ba tare da ta narke ba. In an tambaye ka sunan wannan a aji, ka ce "sublimatsiya".