Saluɓewar fata a haɗari: inda ake yawan kuskure

Fata ba ta da jinin kanta. Ƙananan jijiyoyi ne ke hudowa daga tsoka, su ratsa kitse su shayar da ita. Idan tayar mota ta murje ƙafa, ko bel ɗin injin markaɗe ya fizgi hannu ko gashin kai, fatar kan saluɓe ta tsinke jijiyoyin nan gaba ɗaya.

Babban kuskure shi ne a mayar da fatar mazauninta a ɗinke ta tsam, musamman a kemis. Ranar farko za ta yi kyau a ido, sai bayan kwana 2 zuwa 3 ta fara baƙi, jini da narkakken kitse su taru a ƙarƙashinta, ruɓa ta shiga. A tiyata wanke ciwon ake yi sosai, a ɗan yanki gefen fatar a gani: jan jini alamar rai ce, baƙi ko babu jini kuwa ta mutu. Wani lokaci likita kan kankare kitsen ya dasa fatar kamar sabuwa, a sake buɗewa a duba cikin awa 48. Don haka yankin da ya cire kada a yar. A naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a ƙulle a leda, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Ɗora shi kai tsaye a kan ƙanƙara kashe shi yake yi.

Toka, man birki da garin magani ba sa tsayar da jini, aikin wanki kawai suke ƙara wa likita. A danne da tsumma minti 10 ba ɗagawa. Kada a ba mai ciwon abinci, ana iya shiga da shi tiyata. A tuna da allurar tetanus.

Akwai saluɓewar da ke faruwa ta ciki, fata ba ta fashe ba, galibi a ƙugu da cinya. Wurin ya kumbura, ya yi laushi kamar ledar ruwa, fatar tana zamewa, mai ciwon ba ya jin taɓi sosai. Nan ne ake cewa targaɗe ne a tafi wajen mai ɗori, murza kuma ƙara tsinka jijiyoyin take. Sikanin ke nuna ruwan, a zuƙe shi a ɗaure da bandeji mai matsewa.

Daga Daura ko ƙauyukan Katsina, a nufi asibitin da ke da likitan tiyata da jinin ƙari, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a ranar, ba sai ciwo ya fara wari ba.