Yadda Ake Auna Labarin Hari Kafin a Soki Gwamnati Ko Ɗan Jarida

Kafin a idar da jana'izar waɗanda aka kashe a hari, labarin ya riga ya kasu uku: abin da kakakin soja ya faɗa, abin da jaridu suka buga, da abin da ke yawo a WhatsApp. Masu ƙorafin cewa shugabanni na rage girman ta'asar Boko Haram da ISWAP, kafafen labarai kuma na yi wa lamarin riƙon sakainar kashi, suna da hujjoji masu nauyi. Abin da ke kayar da su gaggawa ce. Adadi ɗaya da ba a tabbatar ba, ko hoto ɗaya na wata ƙasa, ya ishi mai magana da yawun gwamnati ya yi fatali da sauran maganar baki ɗaya. Wanda yake son sukarsa ta tsaya da ƙafarta, ga hanyar da zai bi.

Fara da rajista

Samu littafin rubutu, ko ka buɗe shafin Excel a waya, ka tsaga shi gida shida: ranar harin, wurin da sunan ƙauye da ƙaramar hukuma, wanda ya yi magana da muƙaminsa, ainihin kalamansa, rana da lokacin da ya faɗa, sai abin da ya tabbata daga baya. Gida na shida a bar shi babu komai sai bayan kwana uku, a sake waiwayarsa bayan mako biyu. Duk sanarwar da ka gani a Facebook ko X, ɗauki hoton fuskar wayar yadda kwanan wata zai fito, domin ana goge sanarwa, ana kuma gyara ta cikin dare ba tare da an ce an gyara ba. In labarin jarida ne, adana adireshinsa a Wayback Machine, shafin da ke ajiye kwafin shafukan intanet.

Amfanin gida na shida yana fitowa fili a labarin Chibok. Daren 14 ga Afrilun 2014 aka sace ɗaliban. Bayan kwana biyu hedikwatar tsaro ta ba da sanarwar cewa an kuɓutar da su, saura takwas kacal. Shugabar makarantar da iyayen yara suka ce ba haka ba ne, sojoji suka janye maganar, daga baya adadin waɗanda aka sace ya tsaya a 276. A Dapchi ma, bayan sace 'yan mata 110 ranar 19 ga Fabrairun 2018, gwamnatin Yobe ta ce an ceto wasu, sannan ta dawo ta ba da haƙuri cewa bayanin da ta samu ba daidai ba ne. Saboda haka duk "an ceto su" da ta fito cikin kwana biyun farko, a rubuta ta a jira. Tambayar da ke warware ta ɗaya ce: uwa ko uban wane yaro ne ya ga ɗansa da idonsa?

Haka ake yi da "an kashe shugabansu". An ba da labarin mutuwar Abubakar Shekau ko yi masa mummunan rauni a 2013 da 2014 da 2016, yana sake fitowa a bidiyo. Sai a Mayun 2021 ya mutu a dajin Sambisa, a rikicinsa da ISWAP.

Adadin mamata

A nan mafi yawan masu suka ke zamewa, don haka sai an yi haƙuri da tsawon bayanin.

Adadi yakan saɓa ko da babu wanda ya yi niyyar ƙarya. Wanda ya halarci jana'iza yana ƙidaya makara da likkafanin da ke gabansa. Asibiti na ƙidaya waɗanda aka kawo masa. Soja na ƙidaya gawarwakin da ya tarar a inda ya isa. Mai unguwa kuwa yana ƙidaya duk wanda bai dawo gida ba, alhali wasu na ɓoye a daji, wasu an tafi da su, wasu sun tsallaka wata ƙasa. Kowanne ya faɗi abin da ya gani, amma ba abu ɗaya suke ƙidayawa ba.

Dubi kisan manoman shinkafa na Zabarmari a gonakin Koshebe ranar 28 ga Nuwamban 2020. An fara yi wa mutum 43 jana'iza. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya ya ce aƙalla 110, sannan ya gyara sanarwarsa ya ce mutane da dama. Da aka ci gaba da gano gawarwaki, adadin ya haura 70. Wanda ya tsaya a kan 43 ya rage, wanda ya kafe a kan 110 kuma ya riƙe abin da mai shi ya sake.

A Baga, cikin Janairun 2015, rahotannin farko sun ce mai yiwuwa an kashe mutum har 2,000, sojoji suka ce kusan 150. Kalmar "mai yiwuwa" ta faɗi a hanya, 2,000 ya zama kamar an ƙidaya. Hujjar da ta fi ƙarfi a lokacin ita ce hotunan tauraron ɗan'adam da Amnesty International ta fitar, na kafin harin da na bayansa, waɗanda suka nuna gine-gine sama da 3,700 da aka ƙone ko aka lalata a Baga da Doron Baga. Wannan ba ya buƙatar a yarda da bakin kowa.

Ka'idar rubutawa ita ce a jingina kowane adadi ga mai shi, a kuma faɗi abin da ya ƙidaya: "an yi wa mutum kaza jana'iza, in ji wane, mazauna garin na cewa ba a ga mutum kaza ba." Kada ka haɗa na farko da na biyu ka fitar da jimla, domin sau da yawa mutum ɗaya yana cikin lissafi biyu. In gwamnati ta faɗi ƙaramin adadi, nemi a bayyana wa ta ƙidaya. A harin sansanin soja na Metele a Nuwamban 2018, rundunar ta ce sojoji 23 suka rasu, rahotanni da yawa suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba, kuma an ɗauki kwanaki kafin a ce komai. Jinkirin kansa abin rubutawa ne a rajista.

Wa ya kai harin?

"'Yan bindiga" kalma ce da ke rufe komai. Akwai ɓangaren da Shekau ya jagoranta, akwai ISWAP da ta ɓalle a 2016, akwai Ansaru tun 2012, akwai Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, ga kuma ɓarayin daji masu garkuwa don kuɗin fansa. Manufarsu da salonsu sun bambanta, maganinsu ma haka. Jaridar da ta ce "'yan bindiga" alhali ƙungiyar ta fito ta ɗauki alhaki da sunan aƙidarta, ta ɓoye wa mai karatu abin da ya kamata ya sani, kuma ta cancanci a tuhume ta. A Amurka ma masu ra'ayin riƙau sun daɗe suna sukar gwamnatin Obama kan cewa sai a Nuwamban 2013 ta sa Boko Haram cikin jerin ƙungiyoyin ta'adda, shekara biyu da 'yan watanni bayan harin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja.

Amma ɗaukar alhaki ma ana auna shi. Da aka sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, Shekau ya ce aikinsu ne, alhali yaran na hannun ɓarayin daji ƙarƙashin Auwal Daudawa. Ƙungiyoyin nan na son suna, kuma duk wanda ya tura bidiyonsu zuwa zaure goma ya yi musu talla kyauta. Karanta abin da masu bincike irin kafar labarai ta HumAngle suka fitar daga saƙon, kada ka yaɗa saƙon kansa.

Wajen bayyana waɗanda aka kashe, a cika mudu. Waɗanda suka tayar da bam a cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011, aƙidarsu ce ta kashe sama da mutum 100 a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014, ita ta kashe Sheikh Albani Zariya da Sarkin Gwoza a wannan shekarar. Rahoton da ya ambaci coci ya tsallake masallaci, ko ya ambaci masallaci ya tsallake coci, rabin labari ne, kuma rabin labari a wannan ƙasa yana jawo ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Hoto da bidiyo

Hoto ya zo maka da rubutun "yanzu-yanzu"? Danna shi ka ajiye, ka sa shi a manhajar binciken hoto irin Google Lens ko TinEye, ka nemi mafi tsufan ranar da ya bayyana. Minti biyu ya isa. Hotunan gawarwakin da suka ƙone a fashewar tankar mai a garin Sange na Kwango a Yulin 2010 sun yi shekaru ana yaɗa su a matsayin kisan da aka yi a Najeriya. Har a gangamin neman 'yan matan Chibok, ɗaya daga hotunan da suka fi yawo na wata yarinya ce 'yar Gini Bisau.

Bidiyo kuwa, tsayar da shi a wurare uku ko huɗu, ka ɗauki hoton kowanne ka bincika daban. Sannan ka duba da ido: lambar mota, kakin jami'an tsaro, rubutun jikin shago, karin harshen masu magana. In an ce jiya ne a watan Janairu amma ga ciyawa shar da gero ya kai kafaɗa, bidiyon na damina ne. Duba kuma ko shafukan tantance labarai irin Dubawa ko Africa Check sun riga sun yi aiki a kansa. Ayar Suratul Hujurati da ta ce a nemi tabbaci in fasiƙi ya zo da labari ta shafi maɓallin turawa kamar yadda ta shafi baki.

Auna kafar labarai

"Ba su ba da labarin ba" zargi ne da ake iya gwadawa. Zaɓi kafa uku ko huɗu, ka ɗauki kwana bakwai daga ranar harin, ka ƙirga labari nawa kowacce ta yi, a wane shafi ko a minti na nawa, da wa aka yi hira. In duk muryoyin na jami'ai ne, babu wanda ya tsira ko ɗan'uwan mamaci, wannan aibi ne da za ka nuna da lissafi. Duba ƙasan kanun labarin kuma: jaridu goma da suka kwafo daga kamfanin dillancin labarai ɗaya, kamar AFP ko Reuters ko NAN, shaida ɗaya ne.

Makon Baga shi ne makon harin jaridar Charlie Hebdo da hare-haren da suka biyo bayansa a Faransa, inda aka kashe mutum 17 cikin kwana uku. Shugabannin duniya sun yi tattaki a Paris, Shugaba Jonathan ya aika da ta'aziyya can tun bai ce uffan kan Baga ba, har Akbishop Ignatius Kaigama, na Jos a lokacin, ya koka kan yadda duniya ta kau da kai. Wannan kwatanci ne mai ƙarfi saboda ranakunsa a rubuce suke.

Sai dai a rarrabe wanda ya ƙi da wanda aka hana. An kashe wakilin gidan talabijin na Channels a Kano ranar 20 ga Janairun 2012 yana bakin aiki. An tayar da bam a ofisoshin jaridar ThisDay a Afrilun shekarar. A 2013 an katse layukan waya a Borno na tsawon watanni. Sojoji sun mamaye ofisoshin Daily Trust a Janairun 2019 saboda wani rahoto kan Baga, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin kuma ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 a 2022 saboda shirinta kan ɓarayin daji. In shirun jarida daga irin wannan ya samo asali, sukar ta koma kan wanda ya toshe bakin.

Auna shugaba

Shugaba ana riƙe shi da abin da ya faɗa mai kwanan wata. A Oktoban 2014 babban hafsan tsaro Alex Badeh ya ba da sanarwar tsagaita wuta da Boko Haram, Shekau ya ƙaryata cikin mako biyu. A Disamban 2015 Shugaba Buhari ya shaida wa BBC cewa a dabarance an ci yaƙin, Dapchi da Metele da Zabarmari duk bayan nan suka faru. Na farko zamanin PDP ne, na biyu zamanin APC, kuma rajistar da ta ƙunshi ɗaya ta bar ɗaya takardar kamfe ce. In jami'i ya fito daga baya ya yi ƙarin bayani, kamar yadda kakakin fadar shugaban ƙasa ya yi bayan ya ce manoman Zabarmari ba su samu izinin soja ba, rubuta maganar farko da ƙarin bayanin gefe da gefe. Kurakuran jami'an tsaro ma su shiga: bam ɗin da jirgin yaƙi ya jefa wa sansanin 'yan gudun hijira a Rann a Janairun 2017, da na Tudun Biri a Disamban 2023 wanda ya kashe aƙalla masu Mauludi 85. A nan abin bi shi ne alƙawarin bincike da diyya: yaushe aka yi shi, me aka biya, wa aka hukunta.

Batun kuɗi, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga shugaban hukumar, tambaya ɗaya ko biyu masu iyaka, misali nawa aka ware wa waɗanda hari kaza ya shafa kuma nawa aka raba. Kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ka dawo da shi. Doka ta ba su kwana bakwai, in sun ƙi kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Kada ka tambayi inda dakaru suke ko irin makamansu, domin dokar ta ba da damar a ƙi amsa abin da ya shafi tsaron ƙasa, kuma da wannan za a fake a yi watsi da wasiƙar duka.

In ka zo wallafawa, sa kalaman jami'in da ranarsu a farko, abin da ya tabbata a bayansu, tambayarka a ƙarshe. Ɓoye sunan shaida da unguwarsa, domin maharan na karanta Hausa kuma suna da masu kai musu rahoto. Rufe fuskokin mamata. In daga baya ka gano ka yi kuskure, gyara a kan rubutun nan da ya yaɗu, ka sa kwanan watan gyaran, ka kuma tura shi duk zaurukan da ka tura na farko.